Gine-ginen tarihi da ilimin Indiya: in an cire na sarakunan Musulmi da na Turawa, me ya rage?

Dan_Kurmi
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da muke ta ja da abokan kasuwa, na ce bari in kawo ta gaban masana. Ni abin da na riƙe shi ne, duk ginin da Indiya take nuna wa duniya sarakunan Musulmi ne suka gina shi: Taj Mahal, jar fadar Delhi, babban masallacin Juma'a na Delhi, hasumiyar Qutb Minar, Charminar ta Hyderabad. Ilimin zamani kuma, da jirgin ƙasa da jami'o'i, Turawan Ingila suka bar musu. To in ka cire waɗannan biyun, me ya rage wanda za a ce na mutanen ƙasar ne tun asali? Ba raini ba ne, sani nake nema.

Bakatsine_77
Wa alaikumus salam. Gaskiya ka faɗa Alhaji. Ko a finafinansu in za su nuna ƙasaita, gaban Taj Mahal suke zuwa.

Injiniya_Samaru
Alhaji Dan_Kurmi, a yi mini afuwa, wannan magana ba za ta tsaya ba. A jihar Maharashtra na yi karatu, kuma akwai wani wuri da ake kira Ellora wanda duk mai harkar gini ya kamata ya gani da idonsa. Kogunan dutse ne guda 34 da aka sassaƙa a jikin tsauni, wasu na mabiya Buddha, wasu na Hindu, wasu na Jain. Na 16 a cikinsu, wanda ake kira Kailasa, shi ne ya hana ni barci. Ba ɗora dutse aka yi kan dutse ba. Tsaunin suka hau, suka fara sara daga sama suna gangarowa ƙasa, har suka fitar da gini sukutum mai bene da ginshiƙai da gadoji da giwaye, duk daga dutse ɗaya. Ana ƙiyasta dutsen da suka kwashe da kusan tan 200,000, da guduma da kurfi kawai. Ku tuna yadda masassaƙi yake fitar da turmi daga gungumen ice: abin da ya sare ya tafi ke nan, ba ya mayuwa. Ke nan tun kafin a buga saran farko a rufin, dole shugaban aikin ya san inda ƙofar ƙasa za ta faɗo. A ƙarni na 8 aka yi wannan, zamanin sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta.

Sannan ka gangara kudu, garin Thanjavur. Sarki Rajaraja na daular Chola ya kammala babban ɗakin bautarsu a 1010, da dutsen da babu irinsa a kusa da garin, sai da aka yi ta jawo shi daga nesa. Tsayin hasumiyarsa wajen mita 60. Daular Musulunci ta Delhi kuwa sai 1206 ta kafu. Lissafa tazarar da kanka.

Bakatsine_77
Injiniya, ai waɗannan gidajen gumaka ne. Me za mu yaba a ciki?

Almajirin_Zaure
Ɗan'uwa Bakatsine, tambayar Alhaji kan gini da ilimi take, ba kan abin da ake bauta wa a ciki ba. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, ya kuma ba mu labarin Samudawa masu fafe duwatsu su yi gidaje. Ka san ƙwarewar mutum ba ta nufin ka bi addininsa. Malamanmu na farko ba su ji wannan tsoron ba. Albiruni ya zauna ya koyi harshen Sanskrit don ya karanta littattafan Hindu da kansa, ya rubuta babban littafi a kansu wajen 1030, inda ya soki abin suka ya yabi abin yabo.

MalamarLissafi
Ni ma bari in sa baki, tunda abin ya taɓo abincina. Alhaji, lambobin da kake rubuta cinikinka da su kullum, daga 1 zuwa 9 da sifili, daga Indiya suka fito. Hikimar ba a siffar lambobin take ba, a gurbi take: 5 ɗin da ke cikin 50 da wanda ke cikin 500 alama ɗaya ce, matsayinta ne ya bambanta darajarta, sifili kuma shi ke riƙe gurbin da babu kowa. A 628 wani masani mai suna Brahmagupta ya rubuta dokokin yadda ake tarawa da ɗebewa da ninkawa da sifili, ya ɗauke shi lamba mai zaman kanta. Har lambobin da ke ƙasa da sifili ya yi wa doka, yana misalta su da bashi, na sama kuma da dukiya. Ya yi tuntuɓe wurin rabawa da sifili, wannan gaskiya ne, amma shi ya buɗe ƙofar.

Kafin shi akwai Aryabhata, wanda a 499, yana ɗan shekara 23, ya ba da 3.1416 a matsayin adadin da ke tsakanin kewayen da'ira da faɗinta. Ya ce ƙasa ce take juyawa shi ya sa muke ganin taurari suna tafiya, ya kuma ce husufin wata inuwar ƙasa ce ta faɗa kansa. Ina gaya wa ɗalibaina wannan duk shekara, domin da yawansu sun ɗauka lissafi a Landan aka haife shi.

Yar_Fagge
Malama, to mu da aka koya mana cewa lambobin Larabawa ne fa?

Almajirin_Zaure
Turawa ne suke jingina su ga Larabawa, saboda ta hannun Musulmi suka karɓa. Su Larabawan ba su taɓa ɓoye inda suka samo ba. Zamanin Halifa Mansur aka kawo littafin ilimin taurari na Indiya Bagadaza aka fassara shi, daga baya Alkhawarizmi ya rubuta littafi guda kan yadda Indiyawa suke lissafi, wajen 825. Wannan ba ragi ba ne ga Musulmi. Sun karɓa, sun gyara, sun ƙara, sun miƙa.

Wani abu da zai ba masu hisabi sha'awa: a jikin wani ɗakin bauta na Jain a Khajuraho akwai hatimi mai gida 16 da aka sassaƙa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Layin farko 7, 12, 1, 14. Na biyu 2, 13, 8, 11. Na uku 16, 3, 10, 5. Na huɗu 9, 6, 15, 4. Ku tara ta tsaye, ku tara ta kwance, ku tara ta kusurwa, 34 za ku samu. Mu ma nan muna da gwanin wannan fanni, Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi, wanda ya rubuta hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Bakatsine, ɗan garinku ne.

Bakatsine_77
Allah ya jiƙan malam. Na tara, 34 ne kuwa ta ko'ina.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ni ba 'yar boko ba ce sosai, amma na ga wani abu. Da muka kai mahaifiyata asibiti a Delhi, bayan an sallame ta muna jiran ranar jirgi, sai mai masaukinmu ya kai mu Qutb Minar. Hasumiyar kam ta kai a kalla, sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame, ga ayoyi an zana a jikinta zagaye. Amma a tsakar tsohon masallacin da ke gindinta akwai wani dogon ginshiƙin baƙin ƙarfe a tsaye, an kewaye shi da shinge. Mai yi mana bayani ya ce ya shekara 1,600 a waje, ruwa da rana, bai yi tsatsa ba. Na zagaya shi ina dubawa, wallahi sumul yake. Mu da ƙofar gida take cin tsatsa a damina biyu.

Dan_Kurmi
To ai kin ga Hajiya, a cikin masallaci yake. Maganata ce dai.

Injiniya_Samaru
A'a Alhaji, ginshiƙin ya girme wa masallacin da kusan shekara 800. Rubutun da ke jikinsa na Sanskrit ne, yana yabon wani sarki Chandra, wanda masana suka fi karkata ga cewa Chandragupta na Biyu ne, wajen shekara ta 400. Daga wani wuri aka ɗauko shi aka kafa a Delhi. Tsawonsa ya ɗan haura mita 7, nauyinsa kusan tan 6.

Dan_Makera_Tamburawa
Injiniya don Allah tsaya nan. Ni gidan ƙira na tashi. Tan 6 ba a narka shi a zuba a wancan zamanin, babu wutar da za ta yi. Yaya suka haɗa shi? Kuma me ya hana tsatsa?

Injiniya_Samaru
Yauwa, ka gano wurin. Ba zubi ba ne, ƙira ce. Dunƙule-dunƙulen ƙarfe suka riƙa gasawa su ɗora su daka da zafinsa har ya manne, ɗaya bayan ɗaya. Batun tsatsa kuma wani malami a cibiyar fasaha ta Kanpur, Balasubramaniam, ya yi dogon bincike a kai. Ƙarfen yana da sinadarin fosfaras da yawa, domin ba su sa farar ƙasa a tanderunsu, wadda ita ce ke janye shi a masana'antun yau. Wannan sinadari shi ya haifar da wata siririyar fata a jikin ƙarfen da ke tare iska da laima. Bushewar iskar Delhi ma ta taimaka, don ɓangaren da ke binne a ƙasa ya ɗan ci. Ba sihiri ba ne, aikin maƙera ne da suka san tamarsu.

Kuma ba shi kaɗai ba. Ƙarfen kudancin Indiya ake saye a kai Farisa da Sham a ƙera takubban da suka yi suna a duniya.

Dan_Makera_Tamburawa
Allah ya saka. Duk wanda ya taɓa manna ƙarfe biyu a maƙera ya san abin da ake nufi da a yi wannan har tan 6 ba tare da ya tsage ba. Zan kai wa Baba labarin.

Lauya_Tudunwada
Ina bin zaren tun farko, kuma akwai abin da ke damuna a ginin tambayar kanta. Alhaji ya ware "Musulmi" gefe, "mutanen ƙasar" gefe. Su Musulmin Indiya 'yan ina ne? Ƙidayar 2011 ta ba su sama da miliyan 172. Shah Jahan da ya gina Taj Mahal a Lahore aka haife shi a 1592, mahaifiyarsa gimbiyar Rajput ce, wato daga gidajen sarautar Hindu, daga Marwar, kakarsa ta wajen uba ma Rajput ce. A Agra ya mutu, a can aka binne shi. Farin dutsen daga Makrana ta Rajasthan aka kawo, filin kuma a hannun wani sarkin Hindu, Raja Jai Singh, aka karɓa aka musanya masa da gidaje. Masu sassaƙan da suka yi aikin, akasarinsu 'yan ƙasa ne, jikokin irin mutanen da Injiniya yake ba da labari.

Alhaji, ka san su wa ke faɗin irin maganarka a Indiya yau? Masu tsattsauran ra'ayin Hindu. Su ne ke cewa Mughal, wato zuriyar sarakunan Musulmi ta su Shah Jahan, baƙi ne, ba na ƙasa ba. Da wannan hujja aka rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992. Da ita aka sauya sunan Allahabad a 2018, aka rage darussan Mughal a littattafan sakandare a 2023. Kai da niyyar yabo kake faɗa, su da niyyar kora, amma jimlar ɗaya ce.

Yar_Fagge
Wannan magana ta shige ni, Barista.

Dan_Kurmi
Barista, na ji ka, kuma Allah ya kiyaye in zama bakin masu rushe masallaci. Amma salon fa? Ƙubba, hasumiya, baka mai tsini (lanƙwasar saman ƙofa), lambu mai rafi huɗu, rubutun ayoyi. Wannan ai daga Farisa da Samarƙand ya zo, ba a Ellora aka samo shi ba. Wanda ya rubuta ayoyin Taj Mahal ma, Amanat Khan, mutumin Shiraz ne.

Injiniya_Samaru
Nan kam kana da gaskiya rabi. Ƙubba da baka na gaske sun yaɗu ne da zuwan Musulmi. Amma ka dubi ƙananan rumfunan nan masu laima da ke kewaye da babbar ƙubbar Taj, da furen bado da aka kifa a samanta, da faffaɗar inuwar dutse da ke fitowa daga bango a Fatehpur Sikri. Waɗannan na Rajasthan da Gujarat ne. Ka je Isfahan ko Samarƙand ba za ka ga Taj Mahal ba, can tayil mai shuɗi za ka gani a kan tubali. Abin da aka haifa a Agra, a Agra kaɗai zai iya haifuwa.

Gaskiya_Daci
Tunda ana faɗin gaskiya a faɗe ta duka. Masallacin da Hajiya ta shiga a gindin Qutb Minar, rubutun da ke ƙofarsa ta gabas da kansa ya ce da kayan ɗakunan bauta 27 aka gina shi. Ginshiƙan suna nan da zanensu na da. Ba na kawo wannan don in ba masu rusau na yau hujja ba, laifin sarkin ƙarni na 12 ba ya kan talakan da ke sallah a yau. Amma in muna so a ji kukanmu kan Babri, kada mu yi kamar ba mu san wannan ba.

Lauya_Tudunwada
Ban musa ba. Sarakunan wancan zamani, har na Hindu a tsakaninsu, sukan kwashe ko su lalata wurin bautar wanda suka ci da yaƙi don nuna iko. Bambancin shi ne 1992 akwai tsarin mulki da kotu da 'yan sanda a tsaye suna kallo.

Ummu_Khalil
Tambaya a gefe don Allah. Da gaske ne an yanke hannuwan maginan Taj Mahal don kada su sake yin irinsa?

MalamarLissafi
Babu wannan a ko ɗaya daga tarihin da aka rubuta a zamanin, 'yar'uwa. Labarin masu yawo da baƙi ne. Shah Jahan bai daina gini ba bayan Taj, ya gina sabon birni a Delhi da fadarsa da masallacin Juma'a da aka gama a 1656. Da wane hannu za a yi su?

Bazindire
Salamu alaikum daga Damagaram. Ku kuna ta maganar fada da kabari, ni abin da ya fi burge ni a Indiya rijiyoyinsu ne, wataƙila don mu mun san wahalar ruwa. Yammacin ƙasar, Rajasthan da Gujarat, ruwan sama na 'yan watanni ne sai dogon rani, kamar mu. Sai suka riƙa haƙa rijiya mai faɗi da matakala har ƙasa, ruwa ya ja baya ka bi shi da ƙafa, ya cika ka ɗiba daga sama. Akwai Chand Baori a ƙauyen Abhaneri, hawa 13 zuwa ƙasa, matakala wajen 3,500, ta haura shekara 1,000. Akwai Rani ki Vav a Patan, wadda sarauniya Udayamati ta gina a ƙarni na 11 don tunawa da mijinta. Ambaliya ta binne ta da laka shekaru aru-aru, shi ya sa da aka tono ta aka samu zanenta bai lalace ba. Hotonta ne a bayan takardar rupi 100 ta yanzu. Can ƙasa kuma akwai sanyi, mata da matafiya nan suke hutawa da zafin rana. Sarkin da ya gina wa matarsa kabari ya yi ƙoƙari, amma matar da ta haƙa wa mijinta rijiya jama'a suka sha, ni ita na zaɓa.

Likita_Bauchi
Malam Bazindire, rijiyoyin suna da kyau amma suna da illa guda da ya kamata a ambata: kurkunu. Tunda mutane suna taka ruwan da ƙafa, mai ciwon yana zuba ƙwayayen a ciki, wani ya sha. Yana cikin dalilan da suka sa aka yi watsi da da yawansu da famfo ya zo, kuma da Indiya ta tashi yaƙi da kurkunu sai da aka toshe matakalar wasu aka mayar da su na guga. A 2000 aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Yanzu ana gyara wasu don tara ruwan sama, ba don sha kai tsaye ba.

Bazindire
Na gode Likita. Ko don su riƙe ruwan damina ya nitse a ƙasa, sun isa a koya.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Ba wanda ya ambaci baƙaƙen fata a wannan tarihi, alhali suna ciki. Malik Ambar daga Habasha aka kamo shi yana yaro aka sayar, ya ƙare yana juya daular Ahmadnagar, ya hana sojojin Mughal sakat har ya rasu a 1626. Shi ya kafa garin da daga baya aka sani da Aurangabad, kusa da Ellora ɗin Injiniya, ya jawo masa ruwa ta magudanar ƙarƙashin ƙasa daga tsaunuka. A Ahmedabad kuma akwai masallacin Sidi Saiyyed na wajen 1573, shi ma Bahabashe ne ya gina. Tagarsa ta dutse da aka huda aka fitar da itace mai rassa ita ce tambarin garin har yau. To Alhaji Dan_Kurmi, su kuma a wane layi za ka sa su?

Mai_Duban_Wata
Ni ta ɓangaren falaki zan shigo. A Jaipur akwai wurin da ake kira Jantar Mantar, sarki Sawai Jai Singh na Biyu ya gama shi a 1734. Kayan auna rana da taurari ne guda 19, amma maimakon tagulla da gini aka yi su, domin ya lura ƙananan na'urori suna kuskure in sun tsufa. Babban agogon inuwar da ke ciki tsayinsa mita 27, inuwarsa tana tafiya kana kallonta da ido, kuma an tsaga ma'auninsa har zuwa sakan 2. Duk wanda ya taɓa kafa sanda don gane zawali zai fahimci abin nan take. Shi Jai Singh Hindu ne, amma ya yi aiki da jadawalin Ulugh Beg na Samarƙand, ya tara masana Musulmi da na Hindu har da limaman Kirista daga Turai, ya sa aka fassara littattafan lissafi daga Larabci zuwa Sanskrit, sannan ya sadaukar da jadawalinsa ga sarkin Mughal Muhammad Shah. Wannan na wa ke nan?

Gaskiya_Daci
Yana da kyau, sai dai a lokacin Turai ta shekara fiye da 100 tana amfani da madubin hangen nesa. Ginin ya zo a ƙarshen wani zamani ne, ba farkon sabo ba.

Kuma ina so in ja kunnen zaure. Indiyawa suna da masu ƙarin gishiri sosai a intanet. A 2014 Firaminista Modi da bakinsa ya kawo kan giwar da ke jikin abin bautarsu Ganesha a matsayin shaidar cewa kakanninsu sun iya tiyatar dashe. A 2015 an gabatar da takarda a babban taron kimiyya na ƙasar cewa suna da jiragen sama tun dubban shekaru. Littafin da ake dogara da shi kuwa a farkon ƙarni na 20 aka rubuta shi, kuma masana a Bangalore sun bincika tun 1974 suka ce abin da aka zana ba zai tashi ba. Kada mu gudu daga raini mu faɗa haɗiye komai.

Likita_Bauchi
Haka ne, kuma abin takaicin shi ne ba su buƙatar ƙarya. Tsohon littafin tiyata na Sushruta ya bayyana yadda ake gyara yankakken hanci da fatar kumatu. A 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin yadda aka yi wa wani mai tuƙa keken shanu sabon hanci da fatar goshinsa a kusa da Pune, kuma daga nan likitocin Ingila suka ɗauka. Wannan a rubuce yake, ba a buƙatar kan giwa.

Baba_Tsohon_Hedimasta
'Ya'yana, ku bar ni in taɓa rabin tambayar na biyu, batun Turawa. Mu da muka yi makaranta a shekarun 1970, malaman lissafi da kimiyya a sakandaren Arewa da yawa Indiyawa ne. Wanda ya koya mana fiziks yakan tsaya ya ba mu labarin C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1930 kan yadda haske ke sauyawa in ya ratsa abu. Abin da yake nanatawa shi ne, ɗakin binciken da Raman ya yi aikin a Kalkata wani likita ɗan ƙasa ne, Mahendralal Sircar, ya kafa shi a 1876 da kuɗin taimakon jama'a. Babbar cibiyar kimiyya ta Bangalore kuma da dukiyar attajiri Jamsetji Tata da filin sarkin Mysore aka kafa ta. Bature ya shimfiɗa dogo, gaskiya ne, don ya kwashi auduga zuwa tashar jirgin ruwa, kamar yadda ya kawo shi Kano don gyaɗa. Amma ƙidayar 1951, shekara 4 da tafiyarsa, ta nuna wajen mutum 18 cikin 100 ne kawai suka iya karatu. A shekarar ce suka buɗe cibiyar fasaha ta farko a Kharagpur, a cikin ginin da Turawa suke tsare 'yan gwagwarmaya.

Dan_Kurmi
Allah ya ƙara girma Baba. Amma da Turanci suka yi karatun, a tsarin jami'ar Bature. Gwanin lissafinsu Ramanujan ma sai da ya rubuta wa Hardy, malamin lissafi na Ingila, wasiƙa a 1913 aka kai shi Cambridge kafin duniya ta san shi.

MalamarLissafi
Kafin duniya ta san shi, Alhaji, ba kafin ya san lissafi ba. Abin da ya sa Hardy ya kira shi ai yana cikin wasiƙar, kuma a Madras ya samo shi yana akawu a tashar jiragen ruwa.

Sadiq_Fasaha
Ku zo zamaninmu mana! Roka ta farko da aka harba a ƙasarsu, a 1963, daga ƙauyen masunta na Thumba ta tashi, cocin ƙauyen ne ofishinsu, a kan keke ake ɗaukar wasu sassan. Abdul Kalam yana cikin matasan wurin, Musulmi ɗan mai kwalekwale daga Rameswaram, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2002. A 2014 kumbonsu ya shiga zagayen duniyar Mars a gwajin farko, da kuɗi wajen dala miliyan 74. A 2019 na'urar da suka aika wata ta faɗi ta tarwatse, ba su fasa ba, ranar 23 ga Agusta 2023 Chandrayaan-3 ya sauka lafiya kusa da ƙuryar kudu ta wata. Su ne ƙasa ta 4 da ta sauka a wata. Wane Bature ne ya bar musu wannan?

Bakatsine_77
Ana zuwa wata, talakawa na kwana a titin Mumbai. Ni ban ga amfanin ba.

Sadiq_Fasaha
Yaya, amfanin yana ƙasa. Guguwar teku ta 1999 ta kashe wajen mutum 10,000 a jihar Odisha. A 2013 wata mai ƙarfi ta sake zuwa wurin, amma taurarin ɗan'adam sun hango ta da wuri, aka kwashe kusan mutum miliyan 1, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Waɗanda aka tserar ɗin masunta ne da manoma.

Yar_Fagge
Ni duk wannan hira baƙin ciki take ƙara mini. Ku zo ku ga badalar Kano. Ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana yanka ta ana kafa shaguna. Indiya tana da wurare sama da 40 a jerin wuraren gado na duniya na hukumar UNESCO, Najeriya 2, Sukur da kurmin Osun.

Lauya_Tudunwada
Su ma ba su tsira ba 'yar'uwa. Hukumarsu ta kayan tarihi tun 1861 take, tana kula da wurare sama da 3,600, amma a 2022 ma'aikatar al'adu ta shaida wa majalisa cewa 50 daga ciki sun ɓace, an gine kansu ko ruwan dam ya cinye. Taj Mahal kansa hayaƙi ya sa ya fara yin rawaya, sai da kotun ƙoli ta sa baki a 1996 kan masana'antun da ke kewaye. Bambancinmu da su, can akwai wanda zai kai ƙara kuma a saurare shi.

Admin_Zaure
Jama'a, batun badala babba ne, a buɗe masa zarensa daban. A nan a tsaya kan Indiya.

Dan_Kurmi
To na karanta duka. Sifili da ginshiƙin ƙarfe da Ellora sun shiga lissafina. Amma har yanzu ina nan kan cewa zuwan Musulunci ne ya ba ginin Indiya kyan da duniya take tururuwar gani, kuma ban ga wanda ya kawo abin da ya kai Taj Mahal ba. Wani abokina ya ce in tambaya game da tsofaffin biranen nan masu magudanar ruwa, ya ce ai ma a Pakistan suke.

Injiniya_Samaru
Mohenjo-daro da Harappa a Pakistan suke, gaskiyarsa, amma iyakar 1947 ce ta raba, su kuwa biranen sun haura shekara 4,000. Na ɓangaren Indiya akwai Lothal da Dholavira a Gujarat. Tituna a miƙe, kwata a rufe, tubali mai awo ɗaya daga gari zuwa gari: kauri 1, faɗi 2, tsawo 4. Dholavira tana da manyan tafkunan tara ruwa da aka gina da dutse, Bazindire zai so ganinsu. Rubutunsu har yau ba a iya karanta shi ba. Batun wanne ya fi kyau kuma, ka je Ellora tukuna mu yi magana.

MalamarLissafi
Kafin a watse, ban ambaci Madhava na Kerala ba. A ƙarni na 14 ya gano jerin lissafi marar iyaka na fitar da adadin da'irar nan, wanda a littattafanmu ake jingina wa Leibniz, masanin lissafi na Jamus, da ya zo bayansa da fiye da shekara 250. Kuma limaman Kirista na Turai suna zaune a gaɓar Kerala a ƙarni na 16, suna tattara littattafai.

Gaskiya_Daci
Malama, rigaye kam ya riga su, ba gardama. Amma cewa daga wurinsa Turawa suka ɗauka, ba a samu takarda ko wasiƙa ɗaya da ta nuna haka ba. Zama a gari ɗaya ba hujja ba ce.

MalamarLissafi
Ban ce an samu ba, na ce hanyar a buɗe take. Abin da nake nema kawai a sa sunansa a littafin aji kusa da na Leibniz.

Hajiya_Mai_Atamfa
Duk mai niyyar zuwa Agra dai ya kiyaye, ba a buɗe Taj Mahal ga baƙi ranar Juma'a, sai masu sallah a masallacin ciki. Kuma kuɗin shigar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, a tafi da fasfo.